Yadda Ake Gane Jaki a Cikin Faifan Turawa

Idan aka ɗora maka faifan garmaho na samarin Turawa, irin kiɗan nan da suke kira rok, ana cikin dukan ganga da ihun jita sai wani abu ya kutso da wani irin kuka da ba ka taɓa ji ba, jama'a kuma suka juyo suka zuba maka ido suna jiran ka faɗi sunansa, to kada gabanka ya faɗi, ka zo wurin da ya dace. Hanyar da zan shimfiɗa maka ba ta taɓa ba mai ita kunya ba. Sau ɗaya aka jarraba ta, a Kudan, 'yan shekaru bayan Turawa sun tattara nasu ya nasu sun bar mana mulki, kuma ta ci. Abin da bai taɓa faɗuwa ba kuwa, ban ga dalilin sake jarraba shi ba.

Wanda aka yi gwajin a kansa shi ne Ashafa, mai gyaran keke da fitila da garmaho a bakin kasuwar Makarfi. Ka bi sawunsa, inda ya taka ka taka. Na ɗaukar maka alkawari za ka tashi daga wurin da amsa a bakinka, har da mata in mata ka je nema. Mutunci ne kawai ban sa a cikin alkawarin ba.

1. Ka tabbata kana da abin da za ka rasa

Wanda ba shi da abin asara ba ya bukatar wannan darasi. Shi in an tambaye shi sai ya ce bai sani ba, ya hau kekensa ya koma gida ya ci tuwo ya yi barci. Irinsu suna nan birjik, kuma babu mai tuna sunansu.

Ashafa yana da abin rasawa, sunanta Bilki. Bazawara ce, 'yar Malam Inuwa mai mazarƙwaila na Kudan, kuma duk ranar kasuwa takan kasa kayan ubanta daidai tsallaken rumfar Ashafa. Sonta yake yi, so na gaske, irin wanda ke sa mai gyara ya miƙa wa mutum kekensa bai ɗaure birki ba. Akwai mutanen Makarfi da har yau suke ɗauke da tabon wannan soyayya a gwiwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Malam Inuwa ya sha faɗa, a zaure da kasuwa da wurin suna, cewa 'yarsa zai ba manomi, zai ba mai kiwo, zai ba ɗan dako in dai yana salla, amma ban da makaɗi, ban da ɗan makaɗi, ban da wanda ya taɓa riƙe wa makaɗi takalmi. Ashafa kuwa ɗan Iliyasu Mai Garaya ne na Furana, wanda yake haɗa garaya da hannunsa ya kaɗa wa maharba, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Tun yana saurayi Ashafa ya baro gida ya kama sifana, kuma in an tambaye shi sana'ar mahaifinsa sai ya ce harkar itace da fata yake yi. Ka lura, wannan ba ƙarya ba ce. Ƙwararre ba ya ƙarya, gaskiya yake yankewa daidai inda ta ishe shi.

Bilki kaɗai ta sani, don shi ya faɗa mata da bakinsa, ita kuma ta ce miji take nema ba kakan miji ba. Saura Baba.

2. Ka bari a kira ka

Masani ba ya kai kansa. Ka zauna a rumfarka ka yi ta ɗaure ƙusa har matsalar ta zo ta same ka.

Ta Ashafa daga Ikko ta taso. Uwaisu, ɗan ƙanen matar Malam Inuwa, wanda ke aiki a bakin jirgin ruwa can, shi ya zo ganin gida da garmaho mai batir, ba irin na da da ake wanawa da hannu ba, da faifai guda da wani ma'aikacin jirgi ya bar masa. Kwalin faifan, mai hotuna da rubutu, tun a tashar Zariya aka naɗe tsire da shi. Idan naka faifan yana da kwalinsa, ka nemi mai tsire tun da wuri. Karatun kwali ha'inci ne, kuma yana kashe wa masana kasuwa.

Malam Inuwa, da yake ya tsani kiɗa, sai ya sa aka ɗora masa faifan don ya ji irin ɓarnar da ake yi a duniya. Kashegari ya sa aka sake ɗorawa don ya tabbatar. Haka ya yi ta tabbatarwa har batir ya fara ja da baya. Abin da ya tsaya masa a rai wani amo ne can tsakiyar waƙar, wanda babu wanda ya san me ke yinsa. Dattawan da ke zama a rumfarsa suka rabu, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har wani ya ce a kirawo yaron nan na Makarfi, ai wanda ya saba feɗe cikin garmaho shi zai san abin da ya ci.

Bilki ce ta kawo saƙon ranar kasuwa.

"Mai gyara, Baba na nemanka."

"Keken ne kuma? Ai na ce a daina ɗora masa rake."

"Kunnenka yake nema." Ta kwashe labarin faifai ta gaya masa, sannan ta rage murya. "Ka ji ni da kyau. Abu ɗaya Baba ya gani a jikinka, ya ce kai yaro ne mai kai. In ka je ka ce ba ka sani ba, kan ya tafi. In kuma ka sani fiye da kima, asiri ya tonu. Ka faɗi wani abu mai kama da ilimi ka taso. Kuma don girman Allah kada ka kaɗa ƙafa."

"Ni yaushe nake kaɗa ƙafa?"

"Rannan da mai kalangu ya wuce, famfon da ke hannunka ma sai da ya bi kiɗan."

3. Ka ja gaisuwa iyakar jawuwarta

Da hantsi Ashafa ya isa Kudan. Rumfar Malam Inuwa tana dab da wurin matsa: doki yana zagayawa da inji, ruwan rake yana tafasa, ƙudan zuma suna shawagi, jakuna suna shigowa da kaya daga fadama. A rumfar akwai mai gida, da maƙwabcinsa Maiwada wanda gardama ce sana'arsa ta biyu, da Uwaisu sanye da baƙin tabarau, da wasu dattawa.

Ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Gaisuwa ita ce kaɗai wurin da ba a kama mutum da rashin sani, don haka kada ka yi gaggawar fita daga cikinta. Ashafa ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi rake, ya tambayi fadamar da raken ya fito, ya tambayi dokin. Yana shirin tambayar lafiyar uwar dokin Malam Inuwa ya ce, "Ta rasu. Uwaisu, ɗora masa."

4. Ka zauna a kan ƙafarka

Ka naɗe ƙafafunka ka danne su da nauyinka, hannuwa kuma ka cusa su cikin riga. Fuska ka ɗaure ta tamau. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma jikin ɗan makaɗi bai iya riƙe sirri ba.

Allura ta sauka. Da farko babu abin tsoro: ganga ce ake jibga kamar an kama ɓarawo, jita na ihu, wani saurayi yana kuka da Turanci a kan abin da ya dame shi. Ashafa ya ji duk wannan ko gezau. Sai ganga ta ɗan ja baya, abin ya shigo.

Tsirkiya ce, amma ba ta tsayawa inda aka taɓa ta. Takan tashi ta lanƙwasa ta gangaro kamar mai shirin yin magana, a bayanta kuma wata siririyar ziza tana biye, zuuu, ba ta yankewa. Ashafa bai taɓa jin wannan abu ba, bai san sunansa ba, bai san ƙasar da aka yi shi ba. Amma ya san hannu. Ya ji a jikinsa cewa wani mutum a wani wuri ya zauna da wuƙa da haƙuri ya yi ta kankara har ya samo zizar nan, yadda mahaifinsa ke zama a gindin tsamiya a Furana yana kankara yana kai kunne. Kewar tsohon ta taso masa, ga shi ya daɗe rabonsa da gida, don kada a gan shi a hanyar a yi tambaya. Babban yatsan ƙafarsa na dama ya fara motsi a ƙarƙashinsa, ya ƙara danne shi.

5. Ka bar manya su fara yin kuskure

Faifai na tsayawa kada ka yi magana. Ladabi ne, kuma leƙen asiri ne.

"Zuma ce," in ji Maiwada. "Tun ran farko na faɗa. Zaƙi ya jawo ta ta shiga akwatin nan." An riga an buɗe akwatin ba a ga komai ba, amma Maiwada ya ce ai fita take yi in ta ji za a buɗe.

Wani tsoho ya ce goge ne, mura ce ta kama shi. Wani Bafillace da ya tsaya shan ruwan rake ya ce ya yi kama da molon da ake kaɗawa a rugarsu, sai dai wannan ya ci ya ƙoshi. Uwaisu ya gyara tabarau ya ce su ba su san Ikko ba, wadda ita ce amsarsa ga kowace tambaya tun da ya zo.

Kada ka ƙaryata kowa. Duk wanda ya yi magana ka ce masa "uhm". Akwai uhm na yarda, akwai na shakka, akwai wanda ba ya nufin komai, kuma wannan na ƙarshen shi ne na masana. Ashafa ya raba musu shi daidai wa daida, babu wanda ya tashi hannu banza.

6. Duk abin da ka sani, ka mayar da shi keke

Yanzu aka zo wurin aiki. Abin kiɗa a duniya ko dai a busa shi, ko a doke shi, ko a goga, ko a taɓa tsirkiya a saki. In ka yi shiru kunne zai gaya maka wanne ne. Wahalar ba a ganewa take ba, a faɗa take. Ɗan makaɗi in ya buɗe baki da kalmomin gidansu, shi ke nan an gama da shi. Saboda haka ka bi da iliminka ta ƙofar sana'ar da aka san ka da ita.

Ashafa ya roƙi a sake ɗorawa. Aka ɗora, ya saurara da ido a rufe, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, wannan ba busa shi ake yi ba. Da iska ce, da mun ji inda take ja da baya kamar famfo."

"Uhm," in ji Malam Inuwa. Shi ma ya iya.

"Kuma ba goga shi ake yi ba, taɓawa ake yi a saki. Waya ce, irin ta birki, sai dai ta fi siranta. Ba ɗaya ba ce kuma, suna da yawa kamar wayoyin ƙafar keke. In ka ƙyasta guda sai 'yan'uwanta su amsa ba a taɓa su ba."

"Lanƙwasar nan fa da yake yi?"

"Jan wayar yake yi gefe, kamar mai gwada ɗaurin sarƙa."

Dattawa suka shiga gyaɗa kai. Maiwada ya ce ai zuma ma tana amsa wa 'yan'uwanta, amma ba a kula shi ba. Malam Inuwa ya ce, "Ban gaya muku ba? Yaron nan yana da kai."

A nan ne ya kamata Ashafa ya nemi takalminsa. Ya faɗi abu mai kama da ilimi, bai faɗi sunan komai ba, kuma babu wanda ya lura bai faɗa ba. Ka riƙe wannan da kyau: masani yana tashi ne tun ana gyaɗa kai. Ashafa bai tashi ba, don an kawo masa mazarƙwaila mai ɗumi, kuma ba a tashi a bar kyautar suruki.

7. Kada ka tsaya wa mutumin da bai san kana duniya ba

Uwaisu bai ji daɗi ba da mai gyaran keke ya sha gaban Ikko. Ya cire tabarau ya ce, "To zizar nan fa? Wannan kam ni na sani. Waya ce ta yi sako-sako. Mai kiɗan ne bai iya ɗauri ba, ko kuma abin nasa ya tsage, Turawan ba su lura ba suka ɗauka a haka."

Ka tsaya ka yi tunani. Wanda aka ci wa mutunci yana can bayan teku. Bai san ka ba, ba zai zo ɗaurin aurenka ba, ko goro ba zai aiko ba. Ka bari a zage shi. Abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa, ban da wanda ya taso yana kallon ubansa yana ɓata yini guda a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba, mutane kuma suna wucewa suna cewa wasa yake yi.

"Haba Uwaisu!" in ji Ashafa, da murya har doki ya waiwayo. "Wane irin sako-sako? Jaki ne! Ba ka ji yadda aka gyara masa baya ba?"

Bari in dakata in yi maka bayani, tunda na ga alama kai ɗan mutunci ne ba ka sani ba. A jikin garaya ko molo ko goge akwai wani ɗan guntun abu da ke zaune a kan fata, tsirkiya ta hau bayansa ta wuce. Shi ke ɗauke da kayan, shi ya sa masu sana'ar ke kiransa jaki. Manomi sai ya tsufa yana kallon garaya bai san ɗan abin nan yana da suna ba. Duk wanda ka ji ya kira shi da sunansa, cikin fushi, ba tare da ya tsaya nema ba, to a gindin sana'ar ya yi rarrafe. Abin da kunnen Ashafa ya jiyo kuwa daidai ne: an faɗaɗa bayan jakin an goge shi sumul, yadda waya za ta riƙa shafarsa tana ziza da gangan. Gaskiya ce tsantsa, kuma bai taɓa faɗin abin da ya fi ta haɗari ba.

Magana zarar bunu ce.

8. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta

"Jaki?" in ji Maiwada. "Wane jakin?"

Hanya biyu ce a gabanka. In ka yi bayani, tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina ka sani, kuma Furana ba Makka ba ce, kafin kasuwa ta zagayo an je an dawo. Ɗaya hanyar kuwa tana tsaye a bakin rumfa ɗauke da kayan rake tana kaɗa kunne. Ashafa ya dubi Malam Inuwa. Ya dubi dangar cikin gida, inda dakan da Bilki ke yi ya tsaya cak. Sannan ya dubi jakin, jakin ma ya dube shi.

"Jaki dai, Baba Maiwada. Mai kunne. Na Turawa."

"A cikin faifan?"

"A ɗakin da aka ɗauki faifan. Nasu ƙanana ne, ba su kai akuya ba, sanyin ƙasar ya sirantar musu da murya. Baya ake gyara masa, a shafa nan ya yi ƙasa, a shafa can ya yi sama."

"To wayoyin da ka ce fa?"

"Da su ake ɗaure shi."

Ƙa'idar wannan mataki guda ce: kada ka yi murmushi, kuma duk tambayar da aka yi ka ƙara bayani. Ƙarya in ta tsaya wuri ɗaya faɗuwa take yi, kamar keke.

Uwaisu ya ce shi duk zamansa a Ikko bai taɓa ganin an sauke jaki mai waƙa daga jirgi ba. Ashafa ya ce ai ba a fito da su, rana ake ji musu. Nan fa dariya ta ɓarke. Uwaisu ya faɗo daga benci. Tsohon da ya ce goge ne ya yi ta tari har aka ba shi ruwa. Masu dafa rake suka bar wuta suka zo ji. Bafillacen nan kaɗai ya ɗauki zancen da muhimmanci, ya tambaya ko za a iya samo mace a haɗa iri, Ashafa ya ce zai bincika.

Daga bayan danga ya jiyo dariyar Bilki, ta fi ta kowa ƙarfi, ya kuma san ta aiki ce, taya shi take yi kada wani ya sami sararin yin tunani. Ya gode mata a ransa. Amma abin ya yi masa ciwo, ba dariyar ba. Abu ɗaya mahaifinsa ya ba shi a duniya, kunne, yau ga shi ya ɗauka a gaban mutane ya rataya wa jaki. Ya zauna da mazarƙwaila a hannu ya kasa kai ta baki.

Malam Inuwa bai yi dariya ba. Da hayaniya ta lafa sai ya miƙe ya ce, "Tashi in taka maka."

9. In suruki ya ce zai raka ka, kada ka ce ya bari

Ba don rakiyar tana da daɗi ba. Don dai hukunci ya fi sauƙin sha a hanya, inda babu 'yan kallo.

Ashafa yana tura keke, Malam Inuwa yana gefe da hannu a baya. Suka wuce gidaje, suka shiga hanyar da ta ratsa gonar rake. Ashafa ya riga ya sallama. Ko dai tsohon ya gane, a ce ɗan makaɗi ne, ko bai gane ba, a ce sakarai ne, kuma ba a ba ɗayansu mata a gidan nan.

Da rake ya rufe su gaba da baya, Malam Inuwa ya tsaya.

"Ashafa."

"Na'am, Baba."

"Jakin nan naka. Na itace ne ko na ƙashi?"

Ashafa ya tsayar da keken, ya tare shi da gwiwa.

"Na ƙashi ne, Baba. Itace ba ya ba da wannan kaifin."

"Haka kunnena ya ba ni. Da na so in ce ƙaho, amma ƙashi ne." Tsohon ya ci gaba da tafiya. "Ɗan wa?"

"Iliyasu na Furana."

"Mai garaya. Har yanzu fatar gada yake ɗaurawa?"

"In ya samu, Baba."

"Ba ta samuwa yanzu." Malam Inuwa ya karya wani busasshen ganye ya yar. "Ni dai ban san komai a kan kiɗa ba. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, Baba."

"Na baro inda na baro ina saurayi, na zo garin nan na kama rake, aka ba ni wurin zama a cikin mutane. Wurin zama kuwa in ka samu, sai ka fi kowa ɗaga murya kada a tambaye ka." Ya juyo ya dubi Ashafa. "Tun da yaron nan ya kawo faifan nake zaune a tsakiyar masu cewa zuma ce. Na san mene ne ke zizar, ba ni da wanda zan gaya wa."

Ashafa ya ci gaba da tura kekensa. Ba a taya suruki irin wannan magana.

"Ka turo mahaifinka neman auren. In ya zo ni zan yi masa rakiya da kaina, akwai tambayoyin da na tara."

"To maganar jakin fa, Baba? Garin nan gaba ɗaya..."

"Jaki ya zauna jaki. Kai ka faɗa a gaban mutane, sai ka riƙe abinka."

10. Ka riƙe amsarka har ƙarshe

Kafin watan ya fita babu mai cewa Ashafa daga Kudan har Ikara, sai Mai Jakin Turawa. Masu kawo gyara sukan tambaye shi ko kekensu ma jaki ne ke kuka a ciki. Yakan duba ya ce a'a, wannan rashin mai ne.

Aka ɗaura aure bayan an gama matsar rake. Malam Inuwa ya kafa doka cewa ko gwangwani ba za a buga a bikin 'yarsa ba, jama'a suka yaba da riƙon mutuncinsa. Uban ango ya zo daga Furana, tsoho ne marar yawan magana, ɗauke da wani dogon ƙunshi a cikin tsohon zane, wanda ya ce sandar tafiya ce yake ji da ita. Bayan azahar uban amarya ya ce zai nuna wa baƙonsa fadama. Suka tafi su biyu da sandar, suka daɗe.

Can sai ga masu gyaran gona sun shigo da sauri. Suka ce wani amo ne ke tashi daga tsakiyar fadama, a hankali, kamar hannun da ya manta abu yana tunowa, ya yi ya tsaya, ya sake. Sun rasa mene ne, suka ce bari su tambayi ango tunda shi ne masani.

Ashafa ya fito bakin ƙofa ya kai kunne. Ya san garayar, a ɗakin da aka haɗa ta aka haife shi, amma hannun ba na mahaifinsa ba ne. Ya saurara har idonsa ya kawo ruwa, ya share da hannun riga ya ce hayaƙin girki ne.

"Jaki ne," in ji shi. "Kada wanda ya je, yana harbi."

Wanke hannu

Sunan abin da ke cikin faifan, daga baya wani da ke zuwa silima a Zariya ya ce mini a ƙasar Hindu ake yinsa, wai sita ake ce masa, wani kuma ya ce ba shi ba ne. Ni ban gani ba, kuma babu inda na ce zan gaya maka suna. Cewa na yi za ka tashi da amsa.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi ya ɗauki ƙafarsa. Ba ni da hannu a laƙabin da za a liƙa masa, ko yaran da za su riƙa bin rumfarsa suna kuka, ko mai kiwon da zai yi ta dawowa tambayar mace. Haka nan ban binciki asalin surukin kowa ba. Idan ka yi duk abin da na ce, aka taka maka har cikin rake, sannan ta bayyana naka surukin bai san wani jaki ba sai mai ƙafa huɗu, to ka hau kekenka ka kama hanya, kuma in an tambaye ka kada ka ce ni na aike ka.